Fankar Iska Ta Haɗin Gida: Tambayoyinku Da Amsoshinsu

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru mini yawancinsu kan magana ɗaya ne, wato fankar nan da iska ke juyawa ta ba da wuta, da alama bidiyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok sun shiga ran mutane sosai, ga tsadar fetur ga Nepa kuma sai a hankali. Na zaɓo guda 7, wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau, ina jin zai tsinci amsarsa a cikin ta wani.

TAMBAYA: Salam Malam Injiniya ya aiki ya iyali. Ni mai gyaran janareto ne anan wajen Daura kuma wlh garinmu akwai iska sosai musamman da hunturu. Inada altaneta ta mota mai kyau dana cire a wata tsohuwar Golf, ga batir 100 amf, shine nakeso na hada mata fukafukai na dora a sama ta rika bani wuta ko firji da tv da fanka biyu ne in samu in huta da siyan mai. Dan Allah ya zanyi kuma tsawon fukafukan nawa ya kamata?
Daga mai gyaran janareto, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam Oga, aiki da godiya. Tunda kai mai sana'a ne bari in gaya maka ba kwana-kwana, altanetar nan ka sayar wa mai mota, ba ta dace da wannan aikin ba, kuma ba wai lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta. A mota bel ne ke janta tana gudu ninki biyu ko uku na injin, sai ta kai juyi 1,000 ko fiye a minti kafin ta fara tura caji. Ita kuwa fanka mai faɗin mita 2 a iskar yau da kullum juyinta bai wuce 200 zuwa 250 a minti ba. Na san abin da ke ranka, ka sa babban fuli da bel ka ninka gudun, to bel ɗin ma yana cin nasa kason, kuma yana sa fankar nauyin tashi, iska na kaɗawa ita tana tsaye ƙiƙam. Abu na biyu wanda ya fi wannan muni, babu mayen ƙarfe na dindindin a cikin altaneta, kwayil ne a ciki, wato naɗin waya, wanda sai ya sha wuta daga batir sannan ya zama maganaɗisu, amf 3 zuwa 4 yake ja, wajen wat 40 zuwa 50 kenan.

To yanzu mu je ga lissafi, don nan ne yawancin mutane ba sa tsayawa. Fanka mai fiffike tsawon mita 1 kowanne, wato faɗin mita 2 kenan, in iska na gudun mita 4 a sakan, duk ƙarfin da ke ratsa da'irar da take sharewa wat 115 ne kacal. Abin da zai isa batir in aiki ya yi kyau kusan kashi 30 cikin 100 ne, wat 35. Altanetarka ita kaɗai tana neman 40. Ka ga kenan ka sha wahalar walda ka kafa abin da zai riƙa zuƙe maka batir.

Amma iska tana da wani hali da ya kamata kowa ya sani. In gudunta ya ninka sau 2, wutar ninki 8 take yi. Wannan fankar dai da ta ba da wat 35, in iska ta kai mita 8 a sakan za ta ba da kusan wat 280, in kuma ta sauko mita 2 a sakan wat 4 ne a takarda, a zahiri ma ba za ta fara caji ba. Shi ya sa maganar "garinmu akwai iska" ba ta isa ba, sai ka san wace irin iska ce, kuma wata nawa take yi a shekara. In ba ka da na'urar awo ga yadda za ka kimanta. Ka ji iska a fuska ganye na ɗan motsi, wannan mita 2 zuwa 3 ce, ba ta da amfani. Tuta ta miƙe ganye ba ya tsayawa, 4 zuwa 5. Ƙura da takardu na tashi ƙananan rassan darbejiya na rawa, 6 zuwa 8, wannan ita ce iskar wuta. Ka ɗaura ƙyalle a kan doguwar gora a inda kake son kafawa, ka samu ɗan littafi kana rubutawa safe da rana da dare, kuma kar ka tsaya kan hunturu kaɗai, ka haɗa da damina da kaka, nan ne za ka ga kwanakin da ƙyallen zai wuni a rataye. Akwai kuma taswirar Global Wind Atlas a intanet kyauta, jami'ar fasaha ta Denmark da Bankin Duniya suka yi ta, sai ka nemo garinku ka gani.

Ku Katsinawa ai kuna da abin dubawa a gida, injinan iska na Lambar Rimi, guda 37 kowanne kilowat 275, an tsara su ba da megawat 10. Ban shiga maganar shekarun da aka kwashe ana jan aikin ba, wannan na wata rana ne. Abin da nake so ka lura da shi tsayinsu ne, mita 55. Ba ado ya sa aka kai su can ba, iskar sama daban take da wadda kake ji a ƙofar shago.

Kayan da ka lissafa kuwa, firji a zafin nan namu zai ci yunit 1 ko fiye a rana, irin yunit ɗin mitar kati nake nufi, fanka biyu na awa 8 wani yunit ɗin ne, ga tv, ka tasam ma yunit 3. Fanka mai faɗin mita 2 da aka haɗa da kyau, a wurin da matsakaicin iskarsa ya kai mita 4 a sakan, yunit 1 da 'yan kai za ta ba ka a rana, wanda fanel ɗin sola mai wat 300 guda ɗaya tak zai ba ka a Daura ba tare da ka hau ko'ina ba. Batir ɗinka ma in na ruwa ne rabin yunit da kaɗan za ka iya ja ba ka kashe shi ba. Saboda haka fitilu, cajin waya, tv da fanka ɗaya, wannan zai yiwu. Firji a'a.

In har yanzu kana so, kuma ni ban hana ka ba don hannunka na sana'a ne, abin da za ka nema mota ce ta lantarki, irin wadda ke juya na'ura ba ta hawa ba, mai mayen ƙarfe a ciki wadda ke ba da bolt mai yawa a juyi kaɗan. Leƙa wajen 'yan gwangwan da masu kayan Kwatano, ka nemi motar injin gudun motsa jiki, ko tayar keken yaran nan na tsayuwa mai caji, ko motar injin wanki irin wadda ba ta da bel. Gwajin farko a hannu ake yi, ka juya sandar ka ji laushinta, sannan ka haɗe wayoyinta wuri guda ka sake juyawa, in ta yi tauri tana ƙin tafiya to akwai mayen ƙarfe. Sai ka duba rubutun jikinta ka raba juyi da bolt, in amsar ta faɗo wajen 20 ko ƙasa ta yi. Misali mai bolt 180 juyi 4,000 ta ba da 22, za a lallaɓa. Motar fankar lagireto mai bolt 12 juyi 2,500 ta haura 200, bar musu kayansu.

Wanda ya fi duka shi ne ka naɗa naka. Akwai wani Bature Hugh Piggott da ke zaune a Scoraig, wani lungu a Sikotland da wutar gwamnati ba ta kai ba, tsarinsa ne masu haɗin gida a ƙasashe da yawa ke bi. Faifan ƙarfe biyu a kan hob ɗin tayar mota, a manna wa kowanne mayen ƙarfe mai ƙarfi guda 12, a tsakaninsu kwayil 9 na wayar tagulla da aka daskarar cikin gam ɗin fayiba, wayoyi uku su fito. Da yake babu ƙarfe a cikin kwayil ɗin ba ya riƙewa, 'yar iska kaɗan ta tashe shi. Kai da ka saba da naɗin kwayil wannan ba zai gagare ka ba, mayen ƙarfen ne tsadar, kuma ka yi hankali da su wallahi, faifan nan biyu in suka haɗu da yatsanka a tsakiya sai asibiti. Fukafukai guda 3 na busasshen katako mara nauyi, tsawon mita 1 zuwa 1.2 kowanne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam ni daliba ce a makarantar kimiyya, an bamu aikin baje koli ni da kawayena mukace zamuyi fankar iska. Munada tsohuwar fankar sama a gida zata yi? Sannan wai da gaske ne akwai wani yaro a Afirka daya hadawa gidansu wuta da bola ko labari ne kawai?
Daga wata ɗaliba, Gusau

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Ba labari ba ne, sunansa William Kamkwamba, ɗan ƙauyen Wimbe a yankin Kasungu na ƙasar Malawi, an haife shi a 1987. Yunwa ce ta afka musu iyayensa suka kasa biyan kuɗin makaranta, ya koma zuwa ɗan ɗakin karatun ƙauyen, a nan ya ga hoton injin iska a wani littafi, yana ɗan shekara 14 ya haɗa nasa da tsohon keken babansa, dayinamon keke, fankar tarakta, bututun roba da ya gasa ya miƙar, ya yi hasumiyar da itacen turare. A 2007 aka gayyace shi taron TED, na masu gabatar da sababbin dabaru, a Arusha ta Tanzaniya, daga baya ya yi karatu a jami'ar Dartmouth a Amurka ya gama a 2014. Amma ki lura da abin da fankar tasa ta kunna, ƙwai huɗu da rediyo biyu. Masu yaɗa labarin ba su cika faɗin wannan ba, alhali a gidan da aka saba kwana a duhu ƙwai huɗu ba ƙaramin abu ba ne.

Fankar sama yadda take ba za ta ba ku komai ba, babu mayen ƙarfe a cikinta. Akwai masu buɗe ta su manna mata a ciki, tana ba da wuta amma wayarta siririya ce, bolt da yawa amf kaɗan, ga wahala. Fukafukanta ma an yi su ne don tura iska. Ku je wajen masu gyaran firinta ku nemi ƙaramar motar ciki, ku juya da hannu ku gwada da ƙwan LED, wadda ta fi haskawa ku ɗauka.

Fukafukan kuma ku samu bututun roba mai kauri inci 4 ko 6, tsawon santimita 50, a tsaga shi gida huɗu a tsaye, a ɗauki uku. Kowanne a yanke shi ya yi faɗi a gindi ya tsuke a baki, gefen da ke shiga iska a goge shi da samfefa ya yi santsi da ɗan kauri, gefen baya a fiƙe shi siriri, kwarin bututun shi ke fuskantar iska. Bayan kun ɗaure ku juya ku saki sau da yawa, in kullum fiffike ɗaya ne ke tsayawa a ƙasa to ya fi nauyi, a kankare shi kaɗan-kaɗan har ta riƙa tsayawa inda ta ga dama. Ku shafa fenti don rana na busar da roba ta riƙa karyewa. Ranar bajen kuma ku tafi da mitar awon wuta, ku nuna wa alƙalai bolt nawa take bayarwa a lamba 1 da 2 da 3 na fankar tsaye, wannan zai fi burge su fiye da ƙwan da ya kama.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wani ne ya kawo min tallar fankar iska yar China, an rubuta wat 1000 a kwalin, fadinta bai wuce mita daya da kadan ba, yace a saman dakin din gidana za'a daura kuma dare da rana zan samu wuta ba kamar sola ba. Nace bari in tambaya kafin in biya.
Daga wata Hajiya, Kano

AMSA: Hajiya ranki ya daɗe, gara da kika tambaya, kar ki biya. Fanka mai faɗin mita 1.2, ko a iska mai gudun mita 12 a sakan, wadda ke hana mutum tafiya da lema, duk ƙarfin da ke ratsa ta kusan wat 1,100 ne. Kuma tun wajen 1920 wani Bajamushe Albert Betz ya nuna cewa babu fankar da za ta kama fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iska komai kyanta, don dole iskar ta wuce ta ba ta bayanta hanya. Ƙananan nan da kyar suke kama kashi 30. Wato a ranar da ta fi kowace rana wat 300 da wani abu, a ranar yau da kullum kuwa wat 12. Lambar kwali ta kwali ce.

Maganar saman dakin ma ba ta yi ba. Iskar cikin gari ta riga ta bugi benaye da katangu da bishiyoyi, tana zuwa ne a hargitse, sai ki ga fankar tana waige-waige gabas da yamma ba ta kama gudu ba. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce fanka ta ɗara duk wani abu da ke cikin mita 150 kewaye da ita da aƙalla mita 9. A ina za a samu haka a cikin birnin Kano? Ga kuma girgiza, tana bin ƙarfen ta shiga ginin, da dare sai ki ji gurnani a ɗaki, a daɗe bango ya fara tsagewa. Kuɗin nan ki ƙara fanel da batir, shi ne zai ba ki wutar daren da ake miki alkawari.

TAMBAYA: Salam Malam muna lahiya. Ni ina da pano hudu da batiri biyu a garkata bayan gari, hili ne ba gida ba icce sai bedi guda. Lokacin sanyi in hazo ya rufe rana kuran na ragewa sosai alhali iska na busawa har dare. In na kafa hwanka zan iya sa wayarta cikin kwantirolan sola da nike da shi?
Daga mai garka, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Duk cikin waɗanda suka rubuto kai ne fankar ta fi dacewa da kai, fili ne, ba gini, kuma kana da batir tuni, ga shi lokacin da hazo da ƙura ke rage maka sola shi ne lokacin da iskar arewa maso gabas ke kaɗawa. Ɗaya na cike giɓin ɗaya, haka ya kamata a yi amfani da ita a ƙasashenmu.

Amma kar ka kuskura ka sa ta a kwantirolan sola. Shi in batir ya cika yanke layi yake yi, fanel kuma ba ruwansa, ya zauna a rana abinsa. Fanka kuwa nauyin cajin nan da take ja shi ne ke riƙe gudunta, in aka yanke ana tsakiyar iska daidai yake da ka sa mota a firi ka take totur har ƙasa, gudu zai haura, bolt ya haura ya ƙone abin da ya samu, fiffike ya iya tsinkewa ya yi jifa. Kwantirolan iska daban yake, in batir ya cika juya wutar yake yi zuwa wani abu da zai cinye ta, yawanci hita ce ta musamman mai daidai bolt ɗin batir ɗinka, kuma ƙarfinta ya kai duk abin da fankar za ta iya bayarwa. Wasu na tsoma ta a duro su samu ruwan ɗumi da sanyin nan, ba laifi.

Jerin haɗin shi ne wayoyi uku su sauko daga sama su shiga raktifaya, wato abin da ke mayar da wutar irin wadda batir ke sha, daga nan fis, sannan batir, kwantirola da hitarsa a gefe. Kafin raktifaya ka sa makunni mai ƙarfi wanda in ka danna zai haɗe wayoyin nan uku wuri guda, wannan shi ne birkinka, fankar za ta koma juyi a hankali. Duk ranar da za ka cire batir ko ka taɓa waya, birki tukuna. In batir ɗinka litiyom ne ka ƙara kula, don akwai allo a cikinsa da ke yanke caji da kansa ba sallama, sai an saita kwantirola ya juya wutar kafin a kai nan.

Waya kuma kar ka yi mata rowa. A bolt 12, wat 280 ya haura amf 20, in ka ja siririyar waya mita 40 kaso mai yawa zai tafi a ɗumama ta. Tunda batir biyu gare ka, in tsarinka na bolt 24 ne ya fi, amf ɗin ya ragu da rabi. Ka kuma kafa sandar ƙarfe a ƙasa ka haɗa da turken saboda tsawa, don a filin nan shi ne zai fi komai tsayi.

TAMBAYA: Oga idan na kunna fankar tsaye ta rika hura fankar iskar, ita kuma tana cajin batir din da yake kunna fankar, ai na samu wuta ba mai ba Nepa ko?
Daga wani matashi, Zariya

AMSA: A'a ɗan'uwa. Fankar tsaye ta ci wat 50, iskar da ta fitar ba ta kai 50 ba, abin da ɗayar za ta kama a ciki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, caji ma ya ci nasa. Batir ɗin zai mutu, sai dai ya ɗan jima. Haka ɗora ta a kan mota, man da za ka ƙara ƙonawa ya fi wutar. Duk bidiyon janareto mara mai da ka gani, akwai batir ko waya a inda kyamara ba ta nuna ba.

TAMBAYA: Malam naga ana tsaga duro biyu a tsaye a hada shi yana juyawa, ance shi ko ta ina iska tazo yana yi. Ni noman rani nake inaso ya ja min ruwa.
Daga wani manomi, Hadeja

AMSA: Baba sannu da ƙoƙari. Wannan tsarin wani mutumin Finland ne Sigurd Savonius ya fito da shi a shekarun 1920, kuma gaskiya ne ba ya buƙatar jelar da ke juya fanka ta fuskanci iska, yana tashi da 'yar iska, mai walda na unguwa zai haɗa maka. Matsalarsa a hankali yake juyawa kuma abin da yake kamawa kusan rabin na mai fiffike uku ne ko ƙasa, don rabin duron na tafiya da iska ɗaya rabin yana dawowa yana karo da ita. A wajen wuta kam ɓata ƙarfe ne. A wajen ruwa yana da ɗan amfani in an haɗa shi kai tsaye da ƙaramin famfo a rijiya mara zurfi yana tara ruwa a tanki, na shayar da dabbobi ko 'yan kwamin alayyafo. Gonar tumatur ko shinkafa ba zai iya ba. Fadama ma ƙasa take ga bishiyoyi, iska ba ta cika sauka can ba, famfon sola ya fi maka.

TAMBAYA: Injiniya mu mun riga mun hada tamu tun sanyi tana aiki lafiya lau muna cajin waya har makota na kawowa, sai hadarin farko na bana iska ta taso cikin dare, da safe muka tarar fiffike daya a gidan makwabci turken ya lankwashe. Zamu sake amma me zamu gyara?
Daga wasu abokai, Potiskum

AMSA: Allah ya kiyaye gaba, kuma ku gode Allah fiffiken bai samu mutum ba. Iskar farkon damina da ke yaye kwanon gidaje tana iya haura mita 20 a sakan, ku tuna lissafin ninkin nan na sama, ninki 5 na mita 4 kenan, ƙarfinta kuwa ninki 125. Dole fanka ta san yadda za ta kauce da kanta tunda hadarin ba ya jiran ku farka.

Dabarar a jela take. Kan fankar kar ya zauna daidai tsakiyar turke, a gusar da shi gefe kaɗan, a fanka mai faɗin mita 2 wajen santimita 10. Jelar kuma kar a yi mata walda a kafe, a rataya ta a kan ƙarfen da ya ɗan karkata yadda za ta iya naɗewa tana ɗagawa sama. A iska ta daidai nauyin jelar ne ke riƙe fankar tana fuskantar iska, in ta yi yawa sai ta ture kan ya juya gefe jelar ta naɗe, in ta lafa nauyin ya dawo da komai. In kuka ga tana kaucewa da wuri ku ƙara wa jelar nauyi, in ba ta kaucewa ku rage, kuma gara ta yi saurin kaucewa.

Turken da ya lanƙwashe ina kyautata zaton ba ku ɗaure shi da waya ba ko kuma siriri ne. Ku sa bututun ƙarfe mai kauri, wayar ƙarfe ta ɗaure shi ta kusurwa huɗu, kowace a kafe ta cikin kankare, nisan kowace daga gindi wajen rabin tsayin turken, ɗaurin sama kuma ya tsaya ƙasa da inda bakin fiffike ke wucewa. Gindin a yi masa maƙala mai lanƙwasa yadda za ku kwantar da shi ƙasa ku gyara, ba wanda zai hau sama. Manyan na Lambar Rimi ma irin waɗanda ake iya kwantarwa ne. Wurin kafawa ya zama in ya faɗi ta kowace fuska ba zai taɓa ɗaki ko hanya ko wayar Nepa ba, in filinku bai kai haka ba ku nemi wani wurin.

In fukafukan roba kuka sa a baya, wannan karon ku tafi wajen kafinta, roba da ta sha ranar Maris da Afrilu ba ta da sauran ƙwari. Kuma da zarar bazara ta shigo ku kwantar da ita, ku wanke ƙurar hunturu daga boris ku sa sabon giris, ku bi notuna ɗaya bayan ɗaya, ku duba wayar da ke saukowa ta cikin bututu ko ta murɗe. In kun ga gabas ta haɗa hadari da maraice, ku danna birki tun iskar ba ta iso ba, don in ta riga ta kama gudu wani lokacin birkin ba ya iya tsayar da ita sai dai kwayil ya yi zafi.